Shekara Arba'in da Biyu a Bakin Ƙofa

Shekara arba'in da biyu Wenzu Falzon ya yi yana tsaron ƙofar zauren ƙungiyar 'Yan'uwan Fitila a garinmu, kuma in ka tambayi tsofaffin da suka rage za su ce maka girmama shi aka yi. Ƙarya suke yi. Ina cikinsu, na zauna a kujerun nan masu laushi, na san abin da muka yi masa. Abu ɗaya mutumin nan ya nema a wurinmu, ya hau kujerar Shugaba kamar yadda kowannenmu ya hau, muka yi ta ja masa rai har gashin kansa ya ƙare.

Daga tsibirin Malta ya zo a jirgin ruwa a 1955, yana ɗan shekara goma sha bakwai, aka sauke shi a tashar jirgin ruwa ta Mackay aka miƙa masa addar yankan rake. A lokacin da hannu ake yankan rake. A cinna wa gona wuta da yamma, da safe a shiga cikin toka da macizai a yi ta sara, mutum ya fito ba a gane komai a fuskarsa sai ido. Shekara goma sha huɗu ya yi a haka kafin ya sayi 'yar gonarsa a bakin rafi, ya auri Cetta, 'yar ƙasarsu, mace ce da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

Yaran yanzu dariya suke yi in sun ga hotunanmu da rataye a wuya da fararen safar hannu. Ba su san komai ba. A wancan zamanin, in kai ba ɗan'uwa ba ne, rakenka ne na ƙarshe da masana'antar sukari za ta aiko a ɗauka, bayan rana ta gama tsotse shi. In ka kwanta ciwo ƙungiya ce ke kawo likita, in ka mutu ita ke binne ka, ta duba iyalinka. Mutum ɗari da arba'in ne a garin nan kaɗai. Don haka da Wenzu ya ce zai shiga, ba wauta ya yi ba, ko da yake Cetta ta ce wautar ce tsagwaronta.

"Mutanen da ba sa amsa gaisuwarka a titi, su ne za su zama 'yan'uwanka in an rufe ƙofa?" in ji ta. "Je ka. In sun ba ka tsintsiya kada ka zo ka ce ban gaya maka ba."

Ba tsintsiya suka ba shi ba, takobi suka ba shi. A 1971 aka ɗaure masa ido, aka cire masa takalma, aka ɗora masa fitila a hannu aka zaga da shi zauren, aka kwance, aka ce ya zama ɗan'uwa. Daga ranar kuma suka sa masa suna Wally, wai Wenzu ya yi wa bakinsu nauyi. Mutanen da ke haddace karatun buɗe taro mai shafi goma sha biyu ne suka kasa furta suna mai gaɓa biyu.

Muƙamai bakwai ne a zauren, kamar matakala. Sabon shiga yana farawa da na ƙasa, wato tsaron ƙofa. Ya tsaya a waje cikin baranda da takobi, a rufe ƙofa, kada baƙo ya matso. Shekara ɗaya ake yi. Daga nan a shigo da kai ciki, kowace shekara ka ƙara taki ɗaya, har ka kai kujerar Shugaba. Haka dokar take a rubuce. Amma tun da aka samu Wenzu aka daina sa kowa a ƙofa. Ni na shiga bayansa da shekara biyar, ko minti ɗaya ban tsaya a barandar nan ba. Kai tsaye aka wuce da ni mataki na biyu, na bi ta gabansa yana riƙe mini ƙofa.

Kowane watan Nuwamba ake zaɓe, kuma kowane Nuwamba abu ɗaya ke faruwa. A rufe ƙofa, Wenzu yana waje. Wani mai sauran kunya ya ce, "To, Wally fa?" Sai Clive Pettigrew, wanda gonarsa ta fi ta kowa girma a gundumar, ya gyara zama.

"Haba, 'yan'uwa. Wa zai riƙe mana ƙofa kamar Wally? Ga tsayi, ga ƙirji. Kuma ku dubi Allah, mu ɗora mai warin tafarnuwa a kujera, baƙi su zo daga hedikwatarmu ta Brisbane su ji yana yanka karatu kamar rake?"

A yi dariya. A ɗaga hannu. A buɗe ƙofa, Shugaba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Albishirinka, Wally, an sake zaɓenka ba hamayya." Shi kuma ya ce, "Na gode, ɗan'uwa." Ko sau ɗaya ban ga fuskarsa ta canza ba, kuma da wannan muka riƙa kwantar wa kanmu da hankali. Muka ce ai yana jin daɗin aikin, ai shi mutum ne marar buri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abokina ne. Ba abokin zaure ba, aboki na gaske. Duk Lahadi bayan ya fito daga coci mukan shiga kwalekwalensa mu je ɗaga tarkon ƙaguwa a bakin rafi. Ya yi ta tsokanata wai hannuna na mai sayar da magani ne, ƙaguwa ma ta raina ni. Da ruwa ya cinye kantina a ambaliyar 1991, shi ya fara zuwa da tarakta da shebur. A cikin kwalekwale Wenzu nake kiransa. Ranar taro kuwa in bi sahu in ce Wally.

Sannu a hankali zauren ya fara zubewa, mu kuma muna ta gyaran rataye. Injin yankan rake ya zo, ma'aikata suka watse. Gwamnati ta ɗauki nauyin asibiti, ba wanda ke buƙatar likitanmu. Samari suka tafi haƙar kwal, masu karatu suka tafi Brisbane ba su dawo ba. Ɗana na cikina na yi wa tayi, ya ce, "Baba, in ina son in ga tsofaffi suna gardama a kan wa zai wanke kofuna, ai sai in zo gida." Daga ɗari da arba'in muka koma sittin, muka koma goma sha tara. Jana'iza ta fi bikin rantsarwa yawa. Taron ma muka mayar da shi Asabar da la'asar, don babu mai idon tuƙi a duhu. Kujerar Shugaba ta zama abin da ake roƙon mutum ya karɓa. Clive ya hau sau biyar, ni sau uku, Merv Tonkin da ba ya ji sai da na'ura a kunne ya hau sau huɗu. Ana neman wanda zai zauna ido rufe, ga mutum tsaye a baranda, ba wanda ya waiwaya.

A 2013 mu bakwai muka rage. Takarda ta zo daga hedikwata cewa a Disamba za a yi taron ƙarshe a rufe reshenmu. Lahadin da ta biyo baya muna cikin kwalekwale, Wenzu yana jan igiya, bai ko dube ni ba ya ce, "Noel, sau ɗaya nake so in zauna a kujerar nan. Ko na awa ɗaya ne." Shekararsa saba'in da biyar, gwiwoyinsa sun kumbura kamar gwanda. Tun da na san shi bai taɓa roƙona komai ba.

Da muka dawo Cetta tana jiranmu a bakin mota. Ashe ta san zancen. Ta nuna ni da yatsa. "Kai, mai magani. Shekara arba'in ina goge masa farar riga yana zuwa yana yi muku gadi. In kuka rufe wurin nan yana waje, kada ka ƙara tako mini gida."

A taron Nuwamba na miƙe na ce a zaɓi Wenzu Falzon ya jagoranci taron ƙarshe. Da sunansa na gaskiya na faɗa, har Merv ya tambayi ko wane ne. Clive ya buɗe littafin doka a hankali, kamar dama ya san shafin.

"Ni ba ni da matsala da Wally," in ji shi. "Amma doka ta ce ba a buɗe taro sai da mai tsaron ƙofa. Kuma wanda ya taɓa hawa kujera ba ya komawa ƙofa. Mu shida duk mun hau. To wa zai tsaya? Ba ni na rubuta ba."

"Dokar da ta ce shekara ɗaya ake yi a ƙofa fa? Ita ba ka ga shafinta ba?"

"Ɗan'uwa Noel, ka sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba! Mu shida ne a ɗakin da ke cin mutum ɗari biyu, rufi yana yoyo a kanmu, wata mai zuwa za a sa kwaɗo a tafi, kana gaya mini wai girmanka zai zube? Wane girma? Wa ya rage da zai gani?"

Merv ya ce shi dai ƙafarsa ba za ta iya tsayuwa ba. Wani ya ce likita ya hana shi shan zafi. Sauran suka sunkuyar da kai suna duban safar hannunsu. Tsofaffin banza, har da ni, don sai da na tsaya ina jira ko wani zai ɗauke mini. Da na ga babu, na ce ni zan riƙe ƙofar, wanda bai yarda ba ya kai ƙarata Brisbane. Aka ɗaga hannu, huɗu da biyu. Na fito ina jin kaina kamar wani gwarzo.

Ranar ta zo da zafi mai narka mutum, don a ƙasar nan Disamba tsakiyar bazara ne, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa. Wenzu ya iso cikin farar riga mai guga, ya miƙo mini takobin, ya gyara mini riƙo, ya shiga. Aka rufe ƙofa. Na tsaya a barandar da ba fanka, ba kujera, sai sauro da wani ƙaton kwaɗo a gindin bango. Kafin minti goma bayana ya fara ciwo.

Sai na ji an ja kujera. Na ji Merv ya yi gyaran murya, na ji na'urar kunnensa tana 'yar ƙara. Na ji Clive ya raɗa wa na kusa da shi, "Bari mu sha kallo." Raɗa ce fa, amma ta iso kunnena tar kamar a kafaɗata ya faɗa. Na dubi ƙofar nan da kyau a karo na farko a rayuwata. Falle ɗaya ce ta katako, ga tazarar yatsu biyu a ƙasa, ga wata tagar iska a sama da ba a taɓa rufewa ba.

A ciki Wenzu ya fara karatun buɗe taro, wanda ba wanda ya taɓa koya masa. Shafi goma sha biyu ya zuba ba tuntuɓe ko ɗaya, har wuraren da Clive kansa ke tsallakewa. Ni kuwa ba karatun nake ji ba. Nuwamban 1981 nake ji, shekarar da aka fara zaɓena Shugaba. An ce, "To, Wally fa?" Na ga kamar kujerar za ta kuɓuce mini, sai na miƙe na kwaikwayi muryarsa. Na karya harshe, na yi karatun da irin maganarsa ta Malta, har da yadda yake cewa na gode. Zauren ya kwashe da dariya, wani har da buga tebur. Da Lahadi ta zo muka je ɗaga tarko, ya ba ni ƙaguwa mafi girma na kai gida.

Awa ɗaya da rabi na yi a tsaye ina jin komai. Na ji an rufe taron, na ji an hure fitila. Ƙofa ta buɗe, tsofaffi suka fito ɗaya bayan ɗaya suna jan ƙafa zuwa wurin shayi. Clive ya wuce bai dubi kowa ba. Wenzu ne na ƙarshe, rigarsa ta jiƙe sharkaf, rataye na Shugaba a wuyansa.

Na ce, "Wenzu, ashe ana jin komai daga nan."

"Komai."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"To don me ka zauna? Don me ba ka jefar mana da takobin nan ka tafi ba?"

"In tafi Clive ya ce ai dama ya faɗa?" Ya share gumi da bayan hannu. "Yau sau goma sha ɗaya ya kira ni Shugaba. Dole ya faɗa, doka ce."

Na fara zagin Clive, na ce mugu ne, munafuki, ya cuce shi, ya cuce mu duka. Wenzu ya bar ni na yi mai isata, sannan ya karɓi takobin daga hannuna ya jingina da bango.

"Clive ba munafuki ba ne, Noel. Ya yi tsaron ƙofar nan kafin in zo, ya san ina ji. Duk abin da ya faɗa, a gabana ya faɗa." Ya dube ni, kuma karo na farko na ga fuskar nan ta canza. "Kai ne ka ɗauka ba na ji."