Zulƙidar da Ramlatu Ba Ta Ɗaure Kaya Ba

Shekara goma sha tara Ramlatu ta yi tana haya a unguwar Shisha ta Makka, amma ba ta taɓa yin Babbar Sallah a ɗakinta ba. Mina na kusa da unguwar, don haka wata goma kawai mai gida yake ba su. Da Zulƙida ta kama sai su kwashe komatsansu, alhazai su shigo. Kowace shekara ita da mijinta Datti da 'ya'yansu sukan lafta katifu a mota, su raɓe a falon yayarta a unguwar Utaibiyya har mahajjata su watse. Ramlatu ta tsani wannan ƙaura kamar ciwon haƙori.

Haifaffiyar Makka ce, jikar wani Bakatsine da ya zo hajji bai koma ba. Mace ce da ba ta san zama ba. Ko waya take yi, a tsaye take yinta, tana goge abin da ta riga ta goge. Yajin tsire take daka wa masu gashin nama na unguwar Hindawiyya, kuma da shi da adashin matan unguwa ta tara riyal dubu ɗari da arba'in. Ko Datti bai san adadin ba. Ta ga yadda mahaifiyarta ta ƙare tana jiran hannun dangi bayan rasuwar babansu, ta rantse ita ba za ta yi irin wannan tsufa ba.

Wata rana Datti, wanda direban motar asibiti ne, ya shigo da takardun banki. Ana sayar da wani gida mai ɗaki uku a bene na biyu, nan cikin Shisha. Banki zai saya ya sayar musu, su riƙa biya duk wata har shekara ashirin. Sai dai biyan zai cinye kusan rabin albashinsa.

"Da sauƙi, ya Ummu Taha," in ji shi. "In mausim, lokacin hajji, ya zo, mu ma mu ba alhazai haya, mu cike giɓin."

"Wato in sayi gida, kuma in kori kaina daga cikinsa? Wallahi Abu Taha, wani lokacin kana ba ni mamaki."

"To, in da abin da za a fara zubawa mai kauri, biyan wata zai sauko." Ya faɗa yana kallon fanka. Bai san adadin ba, amma shekara ashirin yana jin ƙarar turmi, ai ba yaro ba ne.

Sati uku Ramlatu ba ta da sukuni. Ta ƙona shinkafa sau biyu. 'Yarta Tahani, malamar firamare, ta karanto mata a waya cewa a wasu ƙasashe mutum kan ajiye kuɗinsa a banki kusa da bashin gidansa, ajiyar ta rage masa abin da yake biya, kuma ran da ya so ya zare abinsa. Ramlatu ta ji kamar don ita aka ƙirƙiro shi. Washegari ta tare tasi, ba ta gaya wa kowa ba.

Ma'aikacin bankin ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya girgiza kai.

"Ya khala, uwata, wancan lissafin kuɗin ruwa ne, mu nan ciniki muke yi, farashi ɗaya. Ko ki zuba kuɗin a gidan, ko ki riƙe abinki."

"In na zuba, na buƙata fa?"

"Sun zama bango."

Ta fito tana jin haushinsa, ko da yake gaskiya ya gaya mata. A tasi ta yi ta juya abin: ga tsoron tsufa hannu wofi, ga wasu shekaru ashirin na ɗaure tukwane a kwali. Kafin ta iso gida ta yanke shawarar zuba kuɗin a gidan. Ta gaya wa Datti adadin, sai da ya nemi kujera. Sharaɗinta biyu ne: sunanta ya shiga takardar gida, kuma ba za a ba kowa haya ba ko da zinare ya zo.

Suka tare a Rajab. Da Zulƙida ta kama, Ramlatu ta tsaya a taga tana kallon maƙwabta suna lodin katifu, daɗi ya cika ta har ta ji kunyar kanta.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne, duk wanda ba ya tashi a mausim, gidansa ake sauka. Da la'asar ɗin ranar ƙanwar Datti ta buga ƙofa da 'ya'ya huɗu, mai gidansu ya ba alhazai. Kwana biyu tsakani sai ga Rumasa'u, uwar adashinsu, da surukarta da injin wanki. Ramlatu ta buɗe musu ƙofa, don da wane ido za ta hana? Kafin ranar Arfa mutum goma sha bakwai ke layin banɗaki ɗaya, har gadonta ta bar wa surukar Rumasa'u.

Datti ya same ta a kicin da rana tana shimfiɗa tabarma tsakanin buhun shinkafa da tukunyar gas, yana ta ƙoƙarin ɓoye dariya.

"Hajiya mai gida, nan aka koro ki?"

"Ba wanda ya koro ni," in ji Ramlatu, tana karkaɗe filo. "Ni na zaɓa. Matsa, kana taka mini ƙasata."