Ƙaton Babur a Rairayin Ƙofar Bappa

Ba don ina so na rabu da ƙaton babur ɗina ba, gwiwa ce ta raba mu. Lokacin muna cikin Jihar Arewa Maso Gabas, ina sana'ar gyaran keken ɗinki, ina zirga-zirga tsakanin telolin Jimeta da na Yola. Babur ɗin baƙi ne, ƙirar Ingila, na saye shi a hannun wani ma'aikacin hanya da ya yi ritaya. In ya tashi, har kajin unguwa sukan san na fito. Amma kafin ya tashi sai ka hau kan kik, ƙarfen da ake shura a tayar da inji, da duk nauyinka, in kuwa ya ga dama ya rama. Wata safiya ya rama da gaske, gwiwata ta dama ta kumbura kamar ƙwarya. Mai ɗori ya murza ta, ya ce ba karaya, amma in na ci gaba da shurin ƙarfe, a zaune zan ƙarasa sallolin da suka rage mini a duniya.

Na sayar wa taubashina, ɗan goggona, mai sayar da atamfa a kasuwar Jimeta. Tun muna yara muke tsokanar juna, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Ni kuma na sayi ɗan ƙaramin babur mai feda, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, in ya zo hawan tudu mahayi ya taimaka masa da ƙafa.

A ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa da yamma, malaminmu, wani Kirista mai haƙuri daga wajen Numan, ya taɓa gaya mana cewa Turawa da doki suke auna ƙarfin inji. Lokacin ina da ƙaton, na kai wannan ilimi kasuwa na yi ta taƙama da shi. Ashe bulala na yanka wa kaina. Ranar da na fara tsayawa a ƙofar shagon taubashina a kan ɗan ƙaramin, ya fito ya zagaya shi, ya durƙusa ya kara kunne a jikin injin.

"Bawana, ina dokin? Ni dai na ji kamar ɗan akuya a ciki, shi ma da mura."

"Ai ya kawo ni," na ce.

"Kai ka kawo shi. Na hango ƙafarka tana aiki tun daga kwana."

Tsokana ba ta dame ni ba, mun saba. Abin da ya dame ni hanyar Yola ce. Duk rayuwata ba ni da wani abin shaƙatawa, ba na dara, ba na zuwa kallon dambe. Daɗina ɗaya ne: in fita daga Jimeta, hanya ta miƙe, in murɗa hannu, iska ta cika mini riga, in ji ƙarfe yana ja kamar zai bar ni a baya. A kan ɗan ƙaramin kuwa, in na murɗa sai ƙara ta ƙaru, tafiya tana nan yadda take. Har wani mai keke ya taɓa jerawa da ni, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya wuce. Na fara jin hawan babur ya zama mini aiki kawai, kamar ɗaukar jakar sifana.

Da gwiwa ta sace, na je na ce masa ya mayar mini da abina, in ba shi ƙaramin da ciko. Ya gyara zama a kan bandir ɗin atamfa ya ce dawakinsa ba sa son ubangida mai ɗingishi. Na yi dariya na tafi. Ni mutum ne mai iya jira.

Ana nan sai aka yi haihuwa a gidan Bappa, yayan mahaifina, wanda shi taubashina yake kira Kawu. Tsohon yana zaune a unguwar Mbamoi cikin Yola, kuma a ƙofarsa akwai ƙa'ida: ƙarami ba ya isa gabansa a kan abin hawa. Tun daga inda idonsa zai iya ganinka za ka kashe inji, ka sauka, ka cire takalmi, ka turo abinka. Taubashina ya san wannan, amma shi da motar haya yake zuwa Yola ya ƙarasa da ƙafa, kuma bai cika zuwa ba. Abin da bai taɓa lura da shi ba, ƙofar tana kan tudu, kuma hanyar da kowa ke bi rairayi ne mai cin ƙafa har idon sawu. Ni shekarun da na yi da ƙaton, ta bayan gonaki nake zagayawa in fito ta sama, in gangaro da shi a hankali.

Ranar suna muka fito tare, hantsi ya riga ya dubi ludayi. Ya sha babbar riga mai sitaci da hula sabuwa. A hanya ya yi ta wuce ni, ya tsaya can gaba a inuwa, in na iso ya ce ya yi barci har ya yi mafarki. Da muka shiga gari ya ce, "Wuce gaba, bawa shi ke share wa ubangida hanya." Na ce to. Na bi da mu ta ƙasa.

Muna hango Bappa a kan buzunsa, dattawa sun kewaye shi, na sauka, na rataya takalmina a madubi, na riƙe ɗan babur ɗina da hannu ɗaya kamar mai jan tunkiya. Na rage murya na ce masa, "Ko za ka ajiye shi nan gindin tsamiya?" Na san amsar. Mutumin da ya goge ƙarfe tun asuba ba zai ɓoye shi a gindin tsamiya ba.

Ya cire takalmi ya fara turi. Tayar gaba ta nutse. Ya ja da baya, ta baya ta nutse. Rairayin ya ɗauki zafi, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya, hannun riga yana zamewa yana rufe masa birki. Ni na riga na isa, na durƙusa, Bappa ya fara gaisuwa da Fulatanci irin tasa wadda ba ta da ƙarshe: gida, yara, aiki, gajiya, gwiwa, mutanen Jimeta, sannan a koma gida. Ina amsawa ina satar kallo. Babu wanda ya tashi ya taimaka, don ba a tashi ana tsakiyar gaisuwar tsoho.

Da ya iso, hular ta karkace, sitacin ya mutu. Bappa ya dube shi ya ce, "Wane ne wannan baƙon?"

"Ni ne, Kawu. Allah ya ja kwana."

"Ashe kana raye. Wannan ɗan saniyar naka ne?"

Na sa baki cikin ladabi na ce, "Bappa, ai ba saniya ba ce, dawaki ne a ciki, garke guda. Shi ya gaya mini."

"Garke guda, kuma kai ke ɗauke da su?" Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa. Bappa ya ce idonsa ba ya gani da nisa, a matso da babur ɗin. Aka matso. Ya ce rana na haska shi, a kai shi inuwa. Aka kai. Sannan ya ce, "Da can kana cewa mota ce ba ta samuwa. Tunda Allah ya ba ka dawaki, uzuri ya ƙare. Kowace Juma'a in gan ka bayan masallaci. Ka riƙa zuwa da shi, jikokina suna son ganinsa."

Da za mu koma, bai wuce ni ba. Ya jera da ni, ƙaton yana gurnani a ƙaramin giya, ni kuma a ranar na fara lura cewa a kan ɗan ƙaramin ana iya yin hira. Ina jin makiyaya suna mana sannu, ina amsawa, suna ji. Muka tsaya shanu su ƙetare, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Maganar musayar nan da ka kawo, na duba, zumunci ya fi ƙarfe."

Abin da na yi watanni ina jira ke nan. Na dubi ƙaton, zuciyata ta ce karɓi. Kada wani ya ce muku ƙarfin inji ba komai ba ne, wanda ya faɗi haka bai taɓa jin hanya tana gudu a ƙarƙashinsa ba. Amma na tuna wanda zai riƙa shurinsa kowace safiya, da mai ɗaga shi in ya faɗi.

"Na ba ka, ba na karɓa," na ce. "Sai dai in taimake ka don Allah. Ranar Juma'a ka ɗauki ɗan akuyana ka je gaida Kawu, ka ce dawakin suna kiwo. Ni zan riƙe maka su."

"Riƙewa kawai?"

"Doki in ba a motsa shi ba ai sai ya lalace."

Juma'ar da ta biyo ya iso ƙofar gidana, tanki cike. Na nuna masa gwiwata na yi fuskar tausayi. Ya tattara riga, ya hau kik, ya shura har ƙarfen ya amsa, ya riƙe mini shi na hau. Shi kuma ya ɗare kan ɗan ƙaramin, gwiwoyinsa kusan a ƙirji, ya fara taka feda. Na ba shi rata har ya fita gari. Sannan na murɗa hannu, na iske shi a daidai hawan tudu, na rage gudu na tambaye shi iyali.