Keziah da Limamin da Aka Sallama

Keziah Sutcliffe mai kaɗin ulu ce a ƙauyen Hollinshaw, kamar yadda uwarta ta yi. Mijinta Enoch masaƙi ne, kuma duk tsaunukan Yorkshire ba wanda ya fi shi sanin ƙofar gidan giya. Ranar Lahadi in an kaɗa ƙararrawar coci, shi filin faɗan zakaru yake nufa.

Tana shayar da ɗanta na biyu aka kawo musu sabon mataimakin limamin coci, Ambrose Thackray, wani siririn mutum mai yawan tari. Ba ya karanta wa'azi daga takarda kamar na gabansa. Sai ya dafa mumbari ya yi magana kamar daga kai sai shi a ɗakin. Kafin shekara ta zagayo, cocin ya yi wa jama'a kaɗan. Daga bayan tsaunuka ake takowa da guzurin gurasa, a tsaya cikin maƙabartar da ke harabar cocin ana saurare ta taga.

Enoch ya je ne don ya samu abin dariya. Ya dawo daga wa'azin ya zauna bakin murhu, ya zuba wa wuta ido.

"Yau kuma zakaranka aka kashe?" in ji Keziah.

"Ke dai faɗi gaskiya. Ke kika kai wa mutumin nan gulmata?"

"Ni? Halinka ai ko tumaki sun haddace shi."

Daga ranar bai sake leƙa gidan giya ba. Waɗannan shekarun su Keziah ke kira lokacin Malam. Yakan shigo gidansu jiƙe da ruwan sama, ya sha kunu a tsaye, ya koya wa Enoch waƙar yabo, shi kuwa ya riƙa rera ta yana saƙa.

Da tsohon limamin ya rasu, wanda ya gaje shi ya ce ba zai lamunci wannan hayaniya ba, ya sallami Thackray. Ranar ban kwana abu ɗaya ya roƙe su: kada su bar cocin iyayensu saboda shi. Kaɗan ne suka ji. Sauran suka gina nasu ɗakin sujada a cikin kwari, har da Enoch. Keziah ta zauna a tsohon cocin. Kowace Lahadi tare suke fitowa, su rabu a kan gada.

"Je ki sha barcinki wurin mai karatun takarda," Enoch yakan ce.

"Malam ya ce mu zauna, maigida."

"Shi ya zauna ne?"

Takan zauna cikin cocin da ya koma wayam, kunnenta na jiran muryar da ba ta nan.

Sai bayan ta yi furfura, ta binne Enoch, wani mai dakon ulu ya gaya mata Thackray na nan da rai a wani gari na bakin teku. Ta hau keken dokinsa, ta zauna kan dammunan ulu, da niyyar ta sake jin wa'azi ko sau ɗaya.

Abin da ta tarar tsoho ne lulluɓe da bargo. Tarin nan ya cinye muryar, sai raɗa. 'Yarsa ce ta shigo da ita.

"Keziah ce, Malam, matar Enoch masaƙi."

Ya riƙe hannunta gam. Ina Enoch? Ya rasu. Hepzibah mai wanki fa? Ta rasu. Maƙerin da ke kuka tun ba a fara addu'a ba? Shi ma.

"Na zauna garuruwa da yawa," ya ce, "amma in na rufe ido Hollinshaw nake gani. Ba ni labari."

Ta ba shi, tun daga wanda ya auri wa har katangar da ambaliya ta rusa. Rana ta yi sanyi tana magana, yana murmushi.

A hanyar dawowa mai dakon ya ce, "To, Iya, kin ji wa'azin?"

"Ni na yi surutun," in ji ta, ta juya fuskarta wajen teku.

Labarin rasuwar Malam ya iso lokacin haihuwar tumaki. Keziah ta ajiye kaɗinta, ta sauka kwari da sandarta ta sanar da tsofaffin da suka rage, gida gida.