Yayana Mai Aski da Ya Ji Tsoron Hannunsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan nan, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, mai askin layinmu. Zuciyarsa ce ta buga.

Yaya, kafin annoba babu kan da bai bi ta hannunka ba a layin nan. Marayu kyauta kake yi musu. Ni kuwa kullum sai ka ce sanƙona ya rage maka aiki, bakina ya ƙara maka.

Sai aka kulle gari. Inna ta kamu, ta rasu a ɗakin killacewa, babu ɗayanmu a kusa. Kai ne na ƙarshe da ya riƙe hannunta a gida, sai ka sa a ranka kai ka kai mata cutar. Aka buɗe gari, kai ba ka buɗe shago ba. Ka dinga wanke hannu har fatar ta tsattsage. In an miƙo maka hannu, sai ka cusa naka a aljihu. Waɗanda suka ce girman kai ne ko raunin imani, har yau ina jin haushinsu. Ciwo ne, likita ma ya faɗa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne Auta, 'yarka da aka haifa cikin kullen. Ta yi wayo ba ka taɓa ɗaukarta ba. In ta rugo gare ka sai ka ja da baya, har ta fara tambayar uwarta ko Baba ba ya sonta.

A watan jiya ta faɗo daga bene, goshinta ya fashe, uwarta tana kasuwa. Maƙwabciyarku ta hango ka ta taga, tsaye a kan yarinyar, jini na bin fuskarta, tana kiran Baba. Maƙwabciyar ta ce ta riga ta fid da rai za ka motsa. Sai ka sunkuya ka sure ta, ka fita da gudu ko takalmi babu.

Na same ku a asibiti an ɗinke goshin, tana barci a ƙirjinka. Ka dube ni ka ce, "Ƙanena, ashe haka ta yi nauyi?"

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya ba ka hutun da ka rasa a nan, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Matarka da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya Auta.