Sawun Bauna Guda Ɗaya

Da kakar nan Baba ya cika shekara bakwai a ƙasa. Maharbi ne a Kakangi, kuma da yake bai samu ɗa namiji ba, ni yake ja zuwa bakin rafi yana nuna mini sawun namun daji.

Yakan ce, "Duba nan, Uwata. Damisa ce, ita kaɗai. Kyanwar daji ma haka take. Allah ya yi su da kaɗaici, in ba ki tsokane su ba, ba ruwansu da ke. Bauna kuwa 'yar garke ce. Ran da kika ga sawunta guda ɗaya tal, juya gida. Ko an kore ta, ko ta ji ciwo, ranta a ɓace yake."

Maharban garinmu ba sa bin bauna sai su biyu ko uku, ɗaya ya harba, saura su tsare masa baya. Shekarar da Nasara ya kwashe maza aikin hanya, har da abokan farautarsa aka tafi. Bauna ta addabi dawarmu a gona. Ya ɗauki kwari da baka ya fita shi kaɗai, shi da ya fi kowa sani. Fulani makiyaya suka kawo shi da hantsi, a naɗe cikin tabarma.

Yanzu ina da goyo, 'yar wata tara. Maigidana ya dawo daga haƙar kuza ta tilas. Su biyar aka ɗiba a unguwarmu, shi kaɗai ya dawo. Da can shi ne mai ba'a a dandali. Yanzu ba ya sa hannu a akushi ɗaya da maza, sai ya zauna bayan rumbu ya ba mutane baya. Shekaranjiya yarinyar ta rarrafa ta dafa ƙafarsa. Ya zabura, hannu a sama zai kai mata duka, sannan ya tsaya yana kallon hannun kamar ba nasa ba.

Surukata ta ce, "Ke dai ƙyale shi, namiji ne, zai warware." Innata kuwa ta aiko in ɗauko mata jikarta in dawo gida.

Na san abin da Baba zai ce. Zai ce in juya. Amma shi bai taɓa ganin wanda ya gwada mayar da bauna cikin garke ba, ni ma ban gani ba.

Gara ta cinye bakan Baba, layunsa an raba. Abin da ya bar mini shi ne idon nan da ba ya bari in yi kamar ban gani ba. Jiya da la'asar na ɗaure 'yata tamau a baya, na miƙa tuwon maigidan a bakin zauren da maza ke ci, na dawo na gaya masa inda yake. Bai je ba, da yunwa ya kwana. Yau ma can zan kai.

Allah ya jiƙanka, Baba.