Yamna a Shingen Tishka

Duk wanda ya leƙa motar Yamna, labule mai jajayen furanni yake fara gani, sai ɗan gadon da ke baya, da tukwanen da aka ɗaure da roba don kada su yi ta ƙara a hanya. Ba kowa ne ke kai ido ƙasa ba, inda aka ɗaura guntayen katako da waya a kan kuloci da birki da totur. Asalin motar ta wani dogon Bajamushe ce, Yamna kuwa ko cikin gajerun mata gajeriya ce. Daga tsohon katakon yanka albasarta ta yanko su, ta ɗaura da hannunta.

Girkin biki ne sana'arta a Marakish tun tana da ƙuruciya. Babu lungun da ba ta shiga da manyan tukwanenta ba, amma kullum a bayan motar wani, a takure tsakanin buhun gawayi da kaji. Mijinta Lahsan direban bas ne. Da ya ajiye aiki ya sayo wannan motar a bakin teku a Agadir, mai ɗaki a ciki, da murhu da famfo. Lokacin da ya ɓata a ƙarƙashinta yana ɗaure-ɗaure ya fi wanda ya yi a kan kujerarta. Sun ɗan zaga ƙasa tare, suna kwana inda rana ta faɗi musu, sai Allah ya karɓi abinsa.

Washegarin ranar da ta cire fararen kayan takaba, Yamna ta tafi makarantar koyon tuƙi. Ta faɗi jarrabawa, ta koma, ta sake faɗuwa, ta sake komawa, har ta samu lasi. Matan unguwa suka sa mata suna Lalla Direba, wato Uwargida Direba. Da tsiya suka raɗa shi, ita kuma ta riƙa amsawa da ƙarfi har suka gaji.

Babban ɗanta Abdulgani, mai shagon magani a Kazabalanka, shi ne bai gaji ba. Ba mugunta ke gare shi ba, tsoro ne. Ya san idonta ya fara yana, ba ta tuƙi bayan magariba. Ya gyara mata ɗaki a gidansa na bene, ya kuma samo mai sayen motar. Da gardama ta ƙi ƙarewa suka yi yarjejeniya. Ƙanwarta Ito za ta aurar da 'yarta a ƙauyensu, can bayan dutse wajen Warzazat. Yamna za ta tuƙa su, shi yana gefe yana kallo. Idan ta miƙa masa sitiyari ko sau ɗaya ne, mota ta tafi, ita kuma sai bene.

Suka bar Marakish ana gobe biki, rana tarwai. A ƙarƙashin gado ta jera curin sukari na gaisuwar biki, kowane a naɗe cikin shuɗiyar takardarsa. Ba a shiga gidan biki hannu rabbana, ballantana yayar uwar amarya. Kafin su yi nisa da hawan dutsen Tishka sama ta rufe, iska ta juya, sai ga farin abu yana sauka a gilashi kamar ana tankaɗe. A ƙauyen Taddart suka tarar da layin motoci, an sauke shinge, jandarma na tsaye yana hura hannu.

"Sai yaushe, ɗana?" Yamna ta tambaye shi ta taga.

"Sai yadda Allah ya yi, Hajiya. Motar share hanya ma tana can sama ta maƙale. Yau dai babu, gobe ma kada ki sa rai."

Abdulgani ya duba wayarsa ya yi ajiyar zuciya. "Inna, akwai mafita. Mu juya mu bi ta Agadir, can babu ƙanƙara. Hanya ce mai nisa, dare zai yi mana, amma in na karɓa na tuƙa, kafin a ɗora tukunya gobe muna ƙauye."

"In ka karɓa."

"Ai wannan ba ya cikin lissafi. Lalura ce."

"Kalle ni, Abdulgani. Ni na haife ka. Ranar da za mu koma gida za ka ce, ‘Inna, kin gani ko? Da ba na nan fa?' Ƙarya nake?"

Ya kawar da kai yana kallon gilashi. Bai iya ƙarya ba tun yana yaro, kunnensa ke tona shi.

Ta sa giyar baya, ta fita daga layi a hankali, ta raɓa motar jikin bangon wani rufaffen shago inda iska ba ta kaiwa. Ta kashe, ta zare makulli, ta tura shi cikin rigarta. Sannan ta tashi ta koma baya ta kunna murhu.

Waya ta yi ƙara. Ito ce, muryarta har waje ana ji.

"Yaya, me nake ji? Yaron nan ya rubuto wai kin ƙi juyawa? Kaji suna nan an fige, dangin ango sun san ke za ki dafa, na cika baki a gari!"

"Ki sa matar Hammu maƙwabcinku ta dafa. Ki dai tsaya a kanta, hannunta ya cika gishiri."

"A kan wannan akwalar za ki ƙi bikin 'yarki? Wallahi Yaya kin tsufa da taurin kai."

"Da shi aka haife ni, ke ma shaida ce. Ki ce wa amarya ina nan tafe, ko ranar buɗar kai ce."

Ta ajiye wayar. Ta daɗe tana juya albasa a tukunya, ta ba ɗanta baya. Amaryar nan ita ta yi mata wankan farko, ita ta huda mata kunne. Da ta juyo idonta ya yi ja, ta ce albasar dutse ce, ta cika yaji.

Sanyi ya fara cin mutanen layi. Akwai mata da yara a cikin tasi, akwai direbobin manyan motoci da suka naɗe kai da rawani. Yamna ta jawo curin sukari ɗaya, ta yage takardar, ta fasa shi da gindin kofi.

"Inna! Sukarin amarya ne fa!"

"Amarya na cikin ɗaki mai ɗumi. Buɗe ƙofa ka kira matan can."

Kafin la'asar ɗakin motar ya cika da mata da ƙamshin shayin na'ana'a, tagogi sun yi gumi. Wani tsohon direban motar tumaki mai suna Bu'azza ya zo da kofinsa na kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe.

"Lalla, wai ke kika hawo da wannan jirgin? Ko dai Alhajin nan ne ya tuƙo kika zauna a kujera don hoto?"

"Wannan? Ko jaki ka ba shi sai ya nemi inda ake sa sigina."

Mata suka tuntsire da dariya. Bu'azza ya dubi Abdulgani ya girgiza kai. "Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa. Tawa uwar ma haka take, sai dai ita alfadari gare ta."

Abdulgani bai yi dariya ba, amma ya karɓi buta ya ci gaba da zuba wa mutane.

Suka kwana a nan, ita a gado, shi a ƙasa cikin bargon mahaifinsa. Da safe ƙanƙara ta kai rabin taya, shinge na nan a sauke. Wata tasi ta ce za ta juya ta bi doguwar hanya, akwai wurin mutum ɗaya. Abdulgani ya shigo yana buga takalmi.

"Inna, na roƙe ki don Allah. Mu kulle ta nan ki shiga tasi. Ni zan tsaya, ke ki tafi."

"In bar ta a hannunka kenan."

"Ba zan taɓa ta ba!"

"Ba za ka samu dama ba ma. Je ka kai. Dole a ga wani daga gidanmu." Ta durƙusa ta jawo ragowar sukarin, ta ɗaure a zane, ta ɗora masa a hannu. "Ka shiga da shi ta ƙofar gaba, kowa ya gani. Kada ka ba yara su ɗauka maka."

"In bar ki ke kaɗai a kan dutse?"

"Ka ga na yi kama da ni kaɗai? Tun asuba ake buga mini ƙofa. Gas na da saura, gari na da saura. In an buɗe zan bi bayan Bu'azza, tumakinsa ba sa son gudu, ni ma haka."

Ya tsaya da ƙullin a hannu, mai tasi na danna ham. Ya dubi ɗakin da mahaifinsa ya ƙera, ya dubi ita, 'yar mitsitsiya cikin jallabiyar ulu da safa biyu-biyu. Ya sunkuya ya sumbaci kanta.

"Ba mu gama maganar nan ba, Inna."

"Na sani. Ka dai gaya wa mai sayen nan naka ya nemi wata, wannan tana da direba."

Ya rungume ƙullin ya shiga tasi. Tana kallo tasi ta juya ta gangara har kwana ta ɓoye ta.

Yamna ta ɗauki robar wanke-wanke ta sauka, ta cika ta da ƙanƙara mai tsabta daga kan katanga. Ta juye a tukunya ta ɗora a wuta, da ta narke ta zauna ta wanke kofunan jiya.