Baba Mati da Ƙafar Ƙaton Ƙarfe

Kafin rana ta ɗaga, Baba Mati ya riga ya share ƙofar zaurensa, ya shimfiɗa buhu, ya jera almakashi da ƙaramar guduma da dalma, ya hura gawayi a kasko. Daga nan sai a fara sallama. Wannan ta aiko da buta mai yoyo, wancan ya kawo bokitin ban-ruwa da tsatsa ta cinye gindinsa, wani kuma mazurari yake so kafin ranar kasuwar Minjibir. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana liƙi a garin nan. Da roba ta cika kasuwa an zaci sana'arsa ta mutu. Sai ga shekarun nan masu tsanani, mai ya yi tsada, hatsi ya yi tsada, kowa ya koma bayan ɗaki yana tono tsohon kwanon da ya yar. Baba Mati bai taɓa yi wa kowa gori ba. Karɓa yake, ya ɗaga kwanon sama, ya ga ta inda haske ke shigowa.

Yanzu ya ce bayan kaka zai ajiye guduma. Shi ya sa ya kamata mu iyaye mata mu faɗi abin da ya yi wa Huseina, 'yar Aishatu, tunda shi ba zai faɗa ba.

Huseina shekararta bakwai. Tun tana goye ƙafarta ta hagu ta raunana bayan wani zazzaɓi. A asibitin ƙashi na Kano aka ba ta takalmin ƙarfe mai kamawa daga sawu har saman gwiwa, likita kuma ya ja wa Aishatu kunne: in ba a sa shi kullum, ƙafar za ta ci gaba da lanƙwasa ciki har sai an yi mata aiki. Kwana tara Huseina ta sa shi. A na goma yara suka biyo ta daga makaranta suna kwaikwayon tafiyarta, ta shigo gida ta kwance shi ta cusa ƙarƙashin rumbu. Aishatu ta yi lallashi, ta yi alewa, ta yi tsawa. Wata biyu aka yi, kullum in tana mata wanka sai ta ga sawun ya ƙara juyawa.

Abin da yarinyar ta kama shi ne tsohuwar wayar da mahaifinta Khalilu ya bari da zai tafi leburanci birni. A ciki akwai wani fim ɗin katun na ƙattin ƙarfe, kowanne ya fi bishiyar kuka tsawo, suna faɗa da wani yare da ba wanda ke ji a garin. Aishatu ta zauna sau uku don ta ga abin da 'yarta ke kallo, ko sau ɗaya ba ta gane ba.

"Mutane ne waɗannan?"

"Injina ne, Inna."

"To wa ke maganar?"

"Yaron da ke cikin ƙirjinsa."

"Haɗiye shi ya yi?"

"Tuƙa shi yake."

Aishatu ta ƙura wa wayar ido. "Uwarsa ta san yana nan?"

Huseina ta juya mata baya.

Baba Mati kawun Khalilu ne, gidansa na hayin gonar gyaɗa. Wata safiya Aishatu ta ciro takalmin ta ga ƙusar maɗaurinsa ta saki, ta sa hijabi, ta goyi Huseina duk girmanta, suka tsallaka. Tsohon ya buga ƙusar cikin minti biyu, amma idonsa na kan wayar da ke hannun yarinyar.

"Hajiya ƙarama, ara mini in ga maƙeran wata ƙasa."

Ya zauna yana kallo har gawayinsa ya mutu. Shi ba labarin yake bi ba, ƙira yake dubawa. Akwai wani fari dogo mai fukafukai, ya ce ƙirjinsa kamar rumbu, ƙafafunsa kamar karan dawa, kunyar farko da zai taka a gona zai kifa. Akwai wani da ke naɗewa ya zama babbar mota, ya sa aka maimaita masa wurin sau huɗu, ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa riƙe guduma ba, don in taya ta fito daga gwiwa, ina gwiwar ta tafi? Sai wani baƙi gajere marar wuya, mai tafin ƙafa kamar faifai. Nan ya gyara zama.

"Wannan an ƙera shi. Dubi gaɓar gwiwar nan, Indo. Wannan zai ɗauki dami."

Sai ya ce zai yi wa takalmin riga ta gwangwani, ya koma kamar ƙafar ƙaton ƙarfe. Aishatu ba ta ga abin da zai haɗa wannan da maganin ƙafa ba, amma ba ta da wata dabarar. Ta gindaya sharaɗinta: kada a taɓa ƙarfen likita, kada ya yi nauyi, kada a bar baki mai kaifi.

Ko gwangwanin ma sai da aka nema, don a shekarun nan tumatir da madara duk na leda ake saya. Baba Mati ya bi masu shayi biyu, ya ƙara da wani tsohon farantin tallansa. Kwana uku yana yanka, yana naɗe kowane baki ciki. Da ya gama, Aishatu ta bi gefunan da yatsa, ta bi da bayan hannu, har a kumatunta ta goga. Ba abin da ya karce ta. Aka kira Huseina.

Yarinyar ta kalli takalmin, ta ja da baya.

"Wannan ai ƙafar bos ce."

"Wane ne kuma bos?" in ji Aishatu.

"Mugun cikin. Shi ne yake rushe gidajen mutane."

Baba Mati ya cire hularsa ya sosa kai. "Wannan mai natsuwar? To farin nan mai rawar kai fa?"

"Shi ne jarumin."

"Ikon Allah. Wanda aka ƙera da kyau shi ne mugu, mai ƙafar kara shi ne na kirki?"

Huseina ta fashe da kuka. Aishatu ta ga abin ya ƙara lalacewa: da takalmin gurguwa ne, yanzu ya zama na mugu. Ta miƙa hannu za ta ɗauke shi su tafi. Baba Mati ya riga ta, ya kwance aikin kwana uku ya wurga bayansa.

"Na yi kuskure, Hajiya. Tsufa ne. Sai ki koya mini ta farin. Amma ni ba na awo a ƙasa, sai da ƙafa a ciki."

Ta share hanci, ta harare shi, ta miƙa ƙafa.

Daga ranar aikin ya ƙi ƙarewa. Yau ya liƙa ɗan fiffike a idon sawu ya juya shi ƙasa. Gobe ya ja layin shuɗi inda ya kamata ja. Jibi ya yi wa gwiwa kusurwa biyar maimakon uku. Kullum da safe Huseina sai ta ɗaura takalmin da kanta, ta ratsa gonar gyaɗa tana ƙunƙuni, Aishatu na biye da ita da hannu a buɗe ko za ta faɗi.

"Tsoho, wai ba ka gani ne? Sama yake kallo."

"Jiya ba ƙasa kika ce ba?"

"Ni ban ce ba."

"To taka zuwa bishiyar darbejiya ki dawo, in ga yadda yake motsi."

Yaran da suka yi mata dariya su ne suka dawo suna cika ƙofar zauren, suna musu kan wanne ƙato ya fi, mai fukafukai ko mai zama mota. Kowa na son a yi masa tasa ƙafar. Baba Mati ya ce shi gwangwaninsa sai a kan ƙarfen likita yake zama.

Da aka shiga mako na shida, Aishatu ta tsaya bayan yaran sun watse.

"Baba, don Allah, da gangan kake ɓata shi?"

"Ɓata me?"

"Fiffiken nan sau huɗu ke nan."

"Indo, idona ya fara hazo. Abin kuma ba na garinmu ba ne."

Yana faɗa yana toshe wata huda a gindin buta wadda ita sai da ta sunkuya ta gan ta. Har yau ba ta san gaskiyar ba. Wata rana takan ce dabara ce, wata rana ta tuna yadda ya ɗauki bos jarumi da zuciya ɗaya, sai ta ce ƙila da gaske yake.

Da suka koma Kano, likita ya kwance gwangwanin yana jujjuya shi, shi ma bai gane ba. Amma ya duba yadda ƙasan takalmin ya cinye, ya murza sawun yarinyar, ya ce a ci gaba, maganar aiki a ajiye ta tukuna.

Baba Mati, kai ne wanda yarinya 'yar shekara bakwai ta yi wa faɗa sati shida ba ka ɗaure fuska ba. Kai ne ka zubar da aikin kwana uku a gabanta ba ka waiwaya ba. Mai naɗe baki don kada ya yanki ɗan wani. Ba ka gane ƙattin nan ba, mu ma ba mu gane su ba, amma mu da yawanmu ƙwace wayar muke mu ce shirme ne. Kai ka ce a ara maka.

Iyaye, da masu sana'a da ke tasowa, ga abin koyi. In yaro ya zo da abin da ya fi ƙarfin kanku, ku zaunar da shi ya koya muku, ko da za ku sha harara.

Ga kuma labarin da ba a kawo maka ba tukuna, Baba. Ranar Talata, Huseina za ta fita makaranta, rigar gwangwanin ta ɓalle a bakin ƙofa. Aishatu ta tsince ta, ta ce su biya ta wajenka a gyara. Yarinyar ta dubi ƙarfen likita tsirara a ƙafarta, ta gyara jakarta.

"Bar shi, Inna, zan makara."

Ta ratsa gonar ita kaɗai. Mun gode, Baba Mati. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.